Yadda Na Ɗaure Bakin Ƙanena Kifin Kalgo Ya Wuce Mu

Malam Edita, a shekarun da zan ba da labarinsu ni saurayi ne ɗan kasuwa a Gwandu, mai jakuna da taurin kai. Turawa ba su daɗe da zama a ƙasar ba, kuɗin wuri yana mutuwa, kwabo yana shigowa, mota kuwa sai dai mu ji labarinta. Karatuna na allo ne, bokon da nake rubutu da shi yanzu da furfurata na koye shi. Abin da kowa ya san ni da shi shi ne tsari. Akumarin kowane jaki yana da inda ake rataye shi, wanda ya sauya masa wuri kuwa zai ji daga bakina.

Sana'ar da muka gada ita ce fataucin kifin banda. Mahaifinmu yakan kai gero Kalgo, ya ɗauko kifi daga wani gidan masunta, ya sayar a Gwandu da Dodoru da Ceberu. Maigidan, wani tsoho mai yawan barkwanci, abokinsa ne tun suna samari. Ƙa'idar gidan ita ce, in an sauke kifi daga wuta mahaifinmu ake fara kira a ce ga naka, shi kuma ya amsa nan take, sannan a waiwayi sauran masu saye. Ba a cewa sai na yi shawara. A wurinsu wanda ya faɗi haka ya nuna bai yarda da kifin ba, ko bai yarda da masu shi ba. Na san wannan sarai, don a gabana aka sha yi.

Da mahaifinmu ya rasu harka ta dawo hannuna, kasuwa kuma ta buɗe, sai na tsara yadda za mu faɗaɗa. Da farko na ƙara jakuna. Bayan haka na ɗauki masu kora su. Sannan na zaunar da ƙanena a Kalgo, ni ina Gwandu ina sayarwa. Har nan babu laifi. Laifin yana cikin doka ta ƙarshe, inda na ce kada ya saya, kada ya sayar, kada ya yi alkawari, sai ya aiko an tambaye ni. Innarmu ta ji, ta ce ko atishawa ce ta zo masa sai ya aiko ke nan? Na ce mata harka in ta girma baki ɗaya take so. Ta ce to, Allah ya ba bakin nan ƙafafu, don Kalgo ba bayan gida ba ce.

Ƙanena mutum ne mai shiru, amma shirun nasa akwai shaƙiyanci a ciki. Sau ɗaya ya sayi igiya ba izini, na wanke shi tas a gaban masu kora. Bai yi musu ba, ya ce tunda yaya ya faɗa an gama. Daga ranar kowane ayari da tambayarsa yake zuwa. Jaki ya yi ɗingishi, a hutar da shi ko a ɗora masa? Rumfa tana yoyo, a gyara ko a bari? Har ya taɓa aiko cewa an ba shi kyautar ɗanyar tarwaɗa, yana jiran izinin ci, amma in hanzarta don ta fara gaishe da maƙwabta. Masu kora suna ta ƙunshe dariya, ni kuwa ban gane ba'a ake yi mini ba. Daɗi ma nake ji, ina zaune a kan buzu ina yanke hukunci kamar alƙali.

Ana nan rani ya yi, ruwa ya ja, aka yi su, wato ranar da gari duka ke faɗa wa ruwa da homa da gora. Aka kama kifin da tsofaffi suka ce sun daɗe ba su ga irinsa ba. Da aka gama banda, tsohon ya kira ƙanena a gaban jama'a, ga wani falke daga Jega tsaye yana jira, ya ce masa ga naku. Ƙanena ya sunkuyar da kai ya ce Baba ya yi haƙuri, sai ya aika Gwandu. Tsohon ya dube shi, ya tambayi mutanensa shin mutum aka ajiye masa a gari ko turke. Ya juya wurin mutumin Jega, shi kuwa ko numfashi bai ja ba ya ce ya ɗauka duka. Sai tsohon ya ce wa ƙanena in ya aika a gaishe masa da hakimin jakuna.

Saƙon neman izini ya iso gare ni ba tare da gaisuwar ba, balle labarin cewa kifi ya riga ya tafi. Na auna, na amince, har na ce ni da kaina zan je da jakunan gaba ɗaya. Muka shiga Kalgo a jere, ina gaba ina taƙama, muka tarar da toka da ƙaurin kifi. Matan gidan suka leƙo suna tambayar ko hayaƙi muka zo ɗauka. Tsohon ya karɓe ni hannu biyu, ya sa aka kawo tuwon shinkafa da miyar kifi, ya bari sai da na ƙoshi. Sannan ya kira ni ɗansa, ya ce shi da mutumin da ya zo da bakinsa yake ciniki. In ban yarda da wanda muka sha nono ɗaya ba, shi da yake bare me zai sa rai? Na fara yi masa bayanin tsari, ya ce mu mutanen tudu gero muka saba da shi, mai kwana a rumbu yana jiran maigida, kifi kuwa ba ya jiran kowa.

Nan na kira ƙanena, na ce a gaban kowa abin da ya yanke a Kalgo ni na yanke. Tsohon ya sa mana albarka, amma ya ce kiran farko ya riga ya koma wurin wanda ya amsa, ba zai ƙwace masa ba, kamar yadda bai taɓa ƙwace wa mahaifinmu ba. Mu za mu bi baya. Ina nan zaune, ƙanena ya tashi ya sayo shinkafa ya cika mangalolin jakunan ba tare da ya ko kalle ni ba. Ta yi kasuwa a Gwandu ƙwarai, har ta zama rabin sana'armu.

Abin da na koya zan jera shi ga masu harkar da ta fara girma. Na farko, ƙara dabbobi da ma'aikata abu ne mai sauƙi, sakin ragama shi ne wuya. Na biyu, wanda ka ajiye a wuri ka ba shi ikon da wurin yake bukata, ka faɗa masa iyakarsa, ka ƙyale shi. Na uku, in mutanenka sun fara tambayarka abin da ba ya bukatar tambaya, kada ka ji daɗi, ka bincika kanka. Allah ya rufa mana asiri, mun ci mun sha a harkar nan. Amma har tsohon ya koma ga Allah, duk ranar da aka sauke kifi muna tsaye muna ji ake kiran wani kafin mu.