Layin da Ba Shi da Ƙashi

Jiya ruwan sama ya tare ni a unguwar Masjid India, na fake a bakin wani shago, sai ƙamshin tawadar Sin ya buge ni. Nan take na tuna da maƙwabcina na unguwar Titiwangsa, wani dattijo Basine Musulmi mai rubutu da buroshi. Baba nake ce masa.

Yakan ce layi mai kyau sai da ƙashi a cikinsa, kuma in an ja shi ba a komawa a gyara.

Ganina da shi na ƙarshe, na tarar yana goga sandar busasshiyar tawada a kan jiƙaƙƙen dutse don haɗa tawada. Ya tsoma buroshi, ya jawo layi a kan takarda daga sama. A tsakiya hannunsa ya yi rawa, tawadar ta taru ta jiƙa takardar.

Na ce, "Baba, ai ya yi kyau."

Ya daɗe yana kallon takardar. "Kada ka yi min ƙarya, ɗana. Babu ƙashi. Hannun ya tafi."

Ya wanke buroshin ya rataye. Nauyin abin da na gani ya hana ni komawa, har aka kira ni jana'izarsa.

Allah ya jiƙan Baba, ya haskaka kabarinsa, ni kuma ya yafe min.