Kaset Na Huɗu A Akwatin Saje Bitrus

Shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar yayana, Saje Bitrus. Kafin wannan rubutu ya fito ta yiwu an ɗara da mako ɗaya ko biyu, na faɗa tun da wuri kada wani cikin dangi ya ce ban iya lissafin ranar ba. Sunana Ayuba, ƙaninsa uwa ɗaya uba ɗaya, manomi a Dabai, nan kusa da Zuru. Karatuna bai wuce firamare ba, don haka mai karatu ya yi mini uzuri in ya ga inda magana ta karkace. Ban taɓa rubuta wa jarida komai a kan Yaya ba. Bana ne wani abu ya faru da akwatin da ya bar mini, na ga ya kamata in faɗa.

Yaya soja ne, kamar yawancin mazan unguwarmu a zamaninsa. An taɓa tura su aikin kiyaye zaman lafiya a ƙasar waje, suka zauna kusa da wasu sojojin Turawa. Abokansa sun dawo da agogo da rediyo. Shi kuwa ya dawo da son wasu makaɗa 'yan Ingila su biyar, masu kwat mai faɗin kafaɗa da gashi a tsaye kamar an firgita su. Gangarsu tana tafiya daidai wa daida kamar injin niƙa, ga piyano na lantarki mai wani irin kuka da ban taɓa ji a coci ba. Sunan ƙungiyar ba zan rubuta ba, don ban iya rubuta shi daidai ba, kuma a gidanmu ba wanda ya taɓa kiransu da shi. Mutanen Saje muke ce musu.

Bayan ya yi ritaya, wata Kirsimeti wani tsohon abokin aikinsa, Kofur Audu, ya zo daga Ribah da kaset ɗin bidiyo guda shida na wasannin da makaɗan suka yi a gaban jama'a. Kwana uku zai yi, kuma ya ce ko uwarsa ba zai bar wa su ba. Wayar haɗa bidiyo biyu a kwafa ba mu da ita, ba mu ma san ana yi ba. Sai Yaya ya aro kyamarar mutumin da ke ɗaukar bukukuwan aure a cocinmu, ya kife turmi a tsakiyar falo, ya ɗora ta a kai tana kallon talabijin. Aka toshe tagogi da barguna da tsakar rana, aka tayar da janareta a bayan ɗaki. Yaya ya tsaya kamar a fareti ya ce duk wanda ya yi tari kyamara za ta ɗauka, saboda haka kowa ya haɗiye tarinsa.

Kaset uku suka wuce lafiya. A na huɗu ne, wanda ya fi so, na ji janareta ya canza murya, kuma hancina ya jiyo wani abu kamar roba tana ƙonewa. Na yi haƙuri iyakar iyawata. Daga nan na yi magana. Na sake yi. A karo na uku na miƙe na gitta ta gaban kyamara na fita duba wayar wuta. Ba abin da ke ƙonewa, maƙwabta ne suka sa wa shara wuta. Kallon da Yaya ya yi mini lokacin da nake fita har yau ina iya ganinsa. Washegari Kofur Audu ya tafi da kayansa, ba halin sakewa.

Daga ranar, kowace Lahadi bayan an taso coci Yaya yakan ci abinci, ya sake riga mai tsabta, ya zauna ya kalli mutanensa. Na ga ya sa na ɗaya, na biyu, na uku, na biyar, na shida, har na haddace inda mai ganga yake jefa sandarsa sama. Na huɗu ban taɓa ganin ya sa ba. Bai ce mini komai ba, ni ma ban tambaya ba. Fiye da shekara ashirin ina ɗauke da wannan a raina: na ɓata wa yayana abin da ya fi so, shi kuma ya yi mini kara ya yi shiru.

Da ciwo ya kwantar da shi, ya sa aka jawo akwatinsa na ƙarfe na soja, inda yake ajiye kaset ɗin, daga ƙarƙashin gado. Ya ce, "Ka riƙe mini su. Kai ne ba ka mantuwa." Ya koya mini yadda ake yi: a ƙulla gawayi a tsumma a sa a ciki don ya sha danshi, a ɗora akwatin a kan bulo saboda gara, kuma sau biyu a shekara, kafin ruwan farko da bayan an gama kaka, a juya kowane kaset daga farko zuwa ƙarshe a dawo da shi don zaren kada ya manne. Shekara biyu bayan rasuwarsa bidiyon gidan ya mutu. Sai na koma juyawa da hannu. Akwai wani ɗan rami a ƙasan kaset, sai ka cusa ƙusa a ciki kafin ya yarda ya juya, sannan ka bi a hankali da ɗan icen da na fiƙe. Kaset ɗaya yakan ci mini rabin yini. Ban taɓa tsallakewa ko sau ɗaya ba, ko shekarar da zazzaɓi ya kama ni a daidai lokacin.

Bara 'yar Yaya, Lami, wadda take koyarwa a firamare, ta same ni ina wannan aiki a gindin mangwaro. Ta tsaya tana kallona, sannan ta ce, "Baba ƙarami, ka san duk suna cikin waya?" Ta taɓa wayarta sau biyu ko uku, sai ga mutanen Saje a tafin hannunta. Ga wasannin da muka sha wahala a kansu, tas, ba dishi-dishi. Ga kuma wasu sababbi, don ashe har yau suna yi. Mai waƙar ya yi sanƙo, mai jita ya yi tumbi ya sa tabarau, ɗaya daga cikinsu babu shi, an sa wani saurayi a gurbinsa. Jama'ar da ke gabansu su ma furfura ce, kowa ya ɗaga waya sama maimakon hannu.

Na sha tambayar kaina me Yaya zai ce da ya ga wannan. Ina jin da farko zai yi faɗa. Mutumin da yake sake riga kafin ya kalle su ba zai yarda a kalle su a kan babur ko a bakin shago ana cin gyaɗa ba. Amma na san shi, bayan faɗan zai karɓi wayar ya ce a nuna masa yadda ake komawa baya. Kuma zai ji daɗin ganin sun tsufa suna tsaye a bakin aikinsu, don bai da abin yabo kamar wanda bai gudu daga inda aka ajiye shi ba. Ni dai ranar na ɗan ji kunya da ƙusata da icena. Na ga kamar shekara goma ina gadin rijiya alhali an ja famfo har ƙofar gida.

Matar Yaya ce, Maman Lami, ta canza maganar. Bana bayan Ista ta zo gidana ta zauna, ta ƙi shan ruwa sai ta faɗi abin da ya kawo ta.

"Ayuba, fuskarsa tana bango, kullum ina gani. Muryar ce ta fara ɓace mini. Jiya na so in tuna yadda yake kiran sunana, na kasa."

Na ce ai ba mu da muryarsa a ko'ina, bai yi zamanin ɗaukar murya a waya ba.

"Akwai ta a na huɗu," in ji ta. "Kai ka sa shi magana. Ka manta ne, kai da ba ka mantuwa?"

Tsoro biyu suka kama ni. Na ɗaya, kaset ɗin ya tsufa, in aka sa shi a inji ya tsinke, amanar da aka ba ni ta lalace a hannuna. Na biyu ban faɗa wa kowa ba: kada a kunna, abin da zai rage wa matarsa da 'yarsa na muryarsa ya zama faɗan da yake yi mini.

Duk da haka na ɗaura akwatin a babur na je kasuwar Zuru wurin Malam Sani, wani dattijo mai gyaran rediyo da har yanzu yana da tsohon bidiyo mai aiki, yana mayar wa mutane kaset ɗin aurensu cikin waya. Ya buɗe murfin na huɗu, ya kai shi bakin ƙofa wurin haske, ya daɗe yana dubawa.

"Wa ke juya maka su?"

Na ce ni ne, da hannu.

"To ka yi ƙoƙari, da tuni sun zama dutse. Amma wanga shina da funfuna ta ciki. Sauran sun sha inji, shi ko ya daɗe bai sha ba. Shina iya wucewa sau guda in ɗauke abin da ke ciki. Shina kuma iya tsinkewa tun hwarko. Ba ni yi maka alkawali. Mi ka gani?"

Abin da na gani shi ne na mayar da kaset ɗin akwati na koma gida. Mako biyu ina juya maganar. In na bar shi, yana nan lafiya kamar yadda aka ba ni, ba wanda zai ce na yi sakaci. Yaya cewa ya yi in riƙe, bai ce in kunna ba. Na je na faɗa wa Maman Lami haka, da dukan hujjojina a jere. Tana tsince wake, ba ta ko ɗago kai ba.

"Shi mun binne shi a maƙabarta, kai kuma ka binne muryar a ƙarƙashin gado. To ka ci gaba da sa mata gawayi."

Ranar kasuwa ta gaba muka koma mu uku, ni da ita da Lami. Malam Sani ya goge kan injin da auduga, ya yi bisimilla, ya tura kaset. Ni na kama bakin benci.

Hoto ya fito yana rawa, sannan ya tsaya. Ga fitilu, ga jama'a, ga makaɗan, amma dukansu ba kawuna. Daga wuya zuwa ƙasa kawai ake gani, kwat biyar suna tsalle. Ashe turmin ya karkace daidai lokacin da za a fara na huɗun, ba wanda ya lura. Maman Lami ta tuntsire da dariya har tana riƙe ciki.

"Abin da ya hana shi kallonsa ke nan. Sau ɗaya ya sa, ya ce shi ba zai zauna yana kallon riguna ba."

Na ce ba saboda ni ba?

"Saboda kai kamar yaya?"

Kafin in amsa sai ga muryata daga cikin talabijin, siririya, tana cewa, "Yaya, ba ka ji ƙauri ba?" Sai tasa, da kaurinta, kamar yana bayan bencin: "Zauna, Ayuba." Maman Lami ta daina dariya, ta kai hannu ta riƙe na 'yarta. Na sake magana, ya sake cewa in zauna. Sai bayana ya rufe hoton gaba ɗaya, aka ji ƙarar ƙofa.

Abin da ya biyo baya ban taɓa ji ba, don ina waje ina shinshina waya. Kofur Audu ya ce, "Saje, ƙanen nan naka ya kashe mana fim." Yaya ya amsa da yarenmu, zan mayar da shi Hausa yadda na iya. Ya ce, "Rabu da shi. Shekarun da nake yawon bariki, wa kake tsammani yake shinshina mini gidan nan? Ko aljanna aka kai shi sai ya zagaya baya ya duba waya kafin ya zauna." Suka yi dariya su biyu, shi da ya hana kowa tari. Daga nan ya kama bin waƙar da Turancinsa na soja, yana buga ƙafa har kyamara tana girgiza. Can ya ɗaga murya ya kira matarsa da sunanta na yanka, Saratu, ya ce ta zo ta ga inda mai ganga zai yi abin nan nasa.

Bayan wannan da kaɗan hoton ya fara zubar da farin yayyafi, injin ya yi wani ƙara, Malam Sani ya yi maza ya kashe. Da ya zaro kaset ɗin, zaren ya fito a tattare kamar ganyen da wuta ta lasa. Ya ce abin da ya wuce ya shiga waya, saura kuwa sai haƙuri, wannan ba zai sake juyawa ba har abada. Muka tashi da abin da bai kai rabin wasan ba.

Yanzu yana cikin wayar Lami, da ta uwarta, da ta wasu dangi har Kaduna. Makaɗan ba su bukatar mu, duniya ta ajiye su da kawunansu. Abin da ba kowa ke da shi ba sai mu shi ne wani tsohon soja a falo mai duhu da tsakar rana, yana karya dokar da ya kafa da bakinsa, yana kiran matarsa ta zo ta gani. Maman Lami ta ce takan kunna wurin sunan da safe kafin ta ɗora tukunya, sau ɗaya, ta kashe. Ubangiji ya ci gaba da ba shi hutu, ya ba ta ƙarfi.

Kaset shida aka ba ni, biyar suka rage masu rai, kuma da yardata aka kashe ɗayan. Ni mutum ne mai bincika kansa, wanda ya san ni ya san haka. Tun ranar nake zagaya zuciyata lungu-lungu ina neman inda nadama ta ɓuya, a gona, a coci, a kan hanyar kasuwa. Wata huɗu ke nan, ban same ta ba.