Yatsu Takwas na Merv Tolhurst

Kullum ƙarfe shida na safe, kafin zafi ya sauko wa garin Wirrabinda, Mervyn Tolhurst ya riga ya buɗe rumfarsa ta kwano ya ɗora tukunyar dalma a wuta. Kofin shayinsa a waje yake barinsa kan gungume, don ba ya yarda ko ɗigon ruwa ya kusanci narkakkiyar dalma. Sai ya zauna ya yi ta zuba ƙwayoyin harsashi a mazubi yana auna su ɗaya bayan ɗaya, wadda ta yi rami ko ta gaza nauyi ya mayar da ita tukunya. Shekara arba'in da ɗoriya ke nan yana ɗura wa tsofaffin bindigoginmu harsashi da yatsu takwas. Biyun da suka ɓace a hannun hagu, mun daɗe muna ɗora wa injin askin tumaki laifinsu, shi kuma bai taɓa gyara mana ba.

Ba mutum ne mai daɗin sha'ani ba, kada mu yi masa ƙarya. A filin harbi na ƙungiyarmu shi ke tsaron layin masu harbi, kuma babu wanda bai sha tsawarsa ba.

Amma ku tambayi Glenys Harrower, mai kiwon tumaki a bayan rafi. Wata Asabar, shekara guda da rasuwar mahaifinta Len, ta zo fili da bindigarsa don ta harba sau ɗaya a madadinsa. Bindigar ta haura shekara ɗari. Da harsashinta na asali ya ɓace a kasuwa, Len ya sa wani maƙeri ya faɗaɗa mata wurin zaman harsashi, aka buga sabuwar lambar girman harsashi a jikinta. Ƙanenta Darryl ya zo daga Sydney da kwalin harsashin kanti mai wannan lambar. Glenys ta zura ɗaya, ta rufe, ta ɗaga bindigar zuwa kafaɗa.

Merv ya ce ta sauke.

Abin da ya hango ɗan kaɗan ne: jan tagulla a kan harsashin. Shekara talatin yana ganin Len a wannan layi, bai taɓa ganin ya zura wa bindigar nan komai ba sai dalma mai laushi da Len ɗin ya zuba da hannunsa.

Darryl ya yi dariya. "Haba tsoho, lambar jikin bindiga ita ce a jikin kwali. Ya shige lafiya lau. Ko sai ka tofa masa albarka tukuna?"

Wasu suka taya shi, har da mai gasa mana nama. Glenys kuwa ba ta sauke ba. Idonta ya kawo ruwa, kuncinta na manne da katakon bindigar, yatsarta na kan kunamar bindigar. Ta ce da Merv ya ƙyale ta, bindigar ubanta ce, ba ta zo neman izinin kowa ba. Muna tsaye muna kallo, mun san idan ƙarfen nan ya tsage, fuskarta zai fara samu.

Merv ya matso gefenta a hankali, ya ɗaga hannun hagunsa inda za ta gani da wutsiyar ido.

"Nawa ma lafiya lau ya shige, 'yata."

Ta daɗe tana kallon hannun kafin ta janye yatsarta.

A nan gaban kowa Merv ya ɗauko dunƙulen dalma, ya tura shi da sandar katako ta cikin bututun bindigar har ya faɗo ta ɗaya gefen, ya auna. Ƙwayar kanti ta fi ramin kauri. Maƙerin ya faɗaɗa mazaunin harsashi, amma bututun yana nan a tsukensa na da. Darryl ya karɓi ma'aunin ya duba da kansa, ya nemi wuri ya zauna, ranar ko naman bai iya ci ba.

Merv, kai ne ka kwashe sati uku kana fama da bindigar nan. Duk mazubanka babu wanda ya dace, sai ka tura Glenys ta birkice rumfar askin tumaki har ta samo na mahaifinta a cikin gwangwanin biskit. Kai ne ka zuba ƙwayoyin, ka shafe su da kakin zuma, ka sassauta albarushi saboda tsufan ƙarfen. Harbin farko ka ɗaure bindigar a tsohuwar taya, ka ja kunama da igiya daga bayan tankin ruwa. Na biyu a kafaɗarka ka ɗora ta, duk da mun hana ka. Sai a na uku ka miƙa wa Glenys. Farantin ƙarfen da ta saita ya yi ƙara daga can nesa, ta zauna a ƙasa ta yi kukan da ba ta yi ba ranar jana'iza.

Yanzu idon Merv ya fara gaza karanta ma'auni, kuma shi da bakinsa ya ce mai ɗura harsashi da kintace gara ya bari. A ƙarshen watan nan zai miƙa wa Glenys makullin rumfarsa, don tun daga ranar take zuwa koyo.

Mun gode, sarkin auna-kafin-harbi. Ku kuma masu tsofaffin bindigogin gado, ku bar amincewa da lambar da ke jikin ƙarfe, ku kai a auna muku rami. Idan Glenys ta daka muku tsawa a layi, ku sauke. Za ta ɗaga muku hannu, kuma yatsunta goma cif suke.