Ɗigo Mai Ruwan Toka a Bakin Kwarin Barunde

Aikin da na fara samu bayan na gama makaranta ba wani babban aiki ba ne. Wani ɗan ofis ne mai ɗaki biyu da janareto da laftof uku, ana gwajin wata manhaja mai hasashen ambaliya. Shekarun nan ne da in za ka shiga babbar kasuwar Gombe sai an laluba jakarka, in taya ta fashe kowa ya tsaya cak, sannan a ci gaba da ciniki. Ni lokacin ban cika jin komai ba. In an ce abu ya tashi a wuri kaza, in kira Mama in ce ina lafiya, in koma kan allo. Shi ke nan.

Oganmu injiniyan ruwa ne, mai shegen shan shayi. Ranar farko ya ce min, "Malama, ba don digirinki muka ɗauke ki ba fa. Digiri muna da shi. Mai shiga gidan matan aure ce ba mu da ita."

Aikin kashi biyu ne. Da safe in bi gidajen da ke bakin kwari, in ɗauki sunan wuri da lambar waya. Da rana in zauna in raba wuraren rukuni-rukuni a manhajar. Akwai ma'aunin ruwan sama da aka kafa can sama ta yamma, inda ruwa ke taruwa kafin ya gangaro gari. In ruwan ya wuce wani ma'auni, manhajar ta kira duk lambar da ke cikin rukunin da abin ya shafa, murya ta ce musu ruwa na tafe, su kwashe kaya su hau tudu. Muryata ce ma aka naɗa, don Oga ya ce tasa za ta sa mutane su ɗauka sojoji ne.

Ba da hannu ake jefa gida a rukuni ba. Ƙa'ida ake rubutawa. Misali: duk wurin da unguwarsa Barunde ce, kuma yake gangaren kwari, rukuni na ɗaya. Sai manhajar ta tattaro su da kanta, ɗigonsu a taswira ya koma shuɗi. Wanda ya koma shuɗi za a kira shi. Wanda bai koma ba, ba za a kira ba.

A can ƙarshen Barunde akwai wasu kangwaye da masu su suka fara gini suka bari, don kwarin yana cin ƙasa yana matsowa. Mutanen Barno da suka gudo su suka zauna ciki, an toshe tagogi da buhu. Kangon da ya fi kowanne kusa da ruwa na wata dattijuwa ne, ita da jikokinta biyu mata. Iya nake ce mata. Hausarta a karye take, nawa Barbarcin kuwa gaisuwa ce kawai, amma mun fahimci juna.

Da na ce ta ba ni lamba, ta dubi fom ɗin hannuna ta ce, "Takarda kuma? Wanda ya rubuta mu na ƙarshe ba alheri ya kawo ba."

"Iya, ni ta ruwa ce. Ruwa kawai."

"Ke kika san ranar ruwa? To ke waliyyiya ce?"

"Injin ne waliyyin, ni 'yar aike ce."

Ta yi dariya, ta kwance bakin zani ta fito da wata 'yar waya da aka ɗaure da kyauron roba. Na ce mata in ta ji muryata a ciki, kar ta tsaya komai, ta kwashe abin da za ta iya ta hau sama. Ta ce to.

Sai na tambaye ta sunan unguwar. Ta faɗi sunan garinsu na Barno. Na ce a'a, nan ɗin nake nufi. Ta ce ai nan ɗin ne. Duk mutanen kangwayen gari ɗaya suka baro, sunan suka sa wa wurin, har masu Keke sun fara kiran sa haka. Kuma Oga ya sha ce min in rubuta abin da mutane ke kiran wurinsu, ba abin da ke takardar gwamnati ba. Na rubuta yadda ta faɗa.

Da rana na shigar. Ɗigon ya fito a taswira, daidai bakin kwari, amma ruwan toka. Ƙa'idar kuwa sunan Barunde take nema, kuma ba ta gan shi ba. Manhajar ba ta ce an yi kuskure ba, ba ta cewa. Na ga launin da idona. Na tuna na ce a raina, zan duba. A ranar ne aka rufe hanyar gidanmu, na yi awa biyu a layin bincike, hannu a sama muna wucewa ɗaya bayan ɗaya. Washegari aka ba ni wata unguwa. Ɗigon ya yi sati uku a haka. Kullum ina buɗe taswirar, kullum yana nan, idona ya saba da shi kamar tabon bango.

Ranar da ruwan ya zo, bayan azahar ne, cikin watan Agusta. A ofis yayyafi kawai ake yi. Oga ya ajiye kofi ya ce, "Can sama ana zuba kamar da bokiti." Ma'auni ya wuce layi, manhajar ta fara kira. Muka tsaya muna kallon lambobi suna wucewa, an ɗauka, an ɗauka, ba a ɗauka ba, an ɗauka. Oga har tafi ya yi, don karon farko ke nan abin ya yi aiki da gaske.

Ina cikin karanta jerin ne na ga babu lambar Iya. Na sake bi daga sama. Babu. Na duba taswira, na ga toka.

Ban yi ihu ba. Na nemo fom ɗinta a cikin kwali, wannan ma ya ci min minti goma sha, na kira da wayata. A kashe. Na sake. A kashe. Na ce wa Oga akwai gida ɗaya a waje. Ya leƙo allon, ya karanta sunan unguwar, ya ce, "Wannan ai ba jiharmu ba ce." Na ce jiharmu ce, Barunde ce. Na fita neman Keke, duk wanda na ce wa Barunde sai ya ce ruwa ya raba hanya.

Sai washegari da safe na isa. Bangon kangon na ɓangaren kwari ya tafi, ɗakin cike da yashi har gwiwa. Iya tana zaune a tudu kan wani bulo, jikokin a gefenta, cikin kayan da maƙwabta suka ba su. Ba wanda ya ji ciwo. Ta ce suna zaune ana yayyafi sai suka ji ƙugi, ta ja yaran da hannu biyu, ba ta ɗauki ko ɗankwali ba.

"'Yar ruwa," ta ce, "ba ki kira ba."

"Ban kira ba, Iya."

"To. Ko kin kira ɗin ba ni da abin ɗauka yanzu. Wayar tana kan tabarma, ta tafi."

Na ce zan sayo mata wata, a je ofishin layi a dawo mata da lambarta, abu ne mai sauƙi. Wata maƙwabciya da ta fi ta Hausa ta girgiza kai. Ta ce layin da sunan ɗanta aka yi rajista, uban yaran nan, da hotonsa da yatsunsa. Shi ya miƙa mata wayar ranar da suka rabu a hanya, ya ce ta bar ta a kunne zai kira. Shekara ɗaya da wani abu ke nan. Ba za su dawo da layi ba sai mai shi ya zo da kansa, kuma shi wannan lambar kaɗai ya sani.

Iya tana kakkaɓe yashi daga kan ƙaramar jikar. Ta ce za su koma Kwadon, akwai wani ɗan garinsu da ke noma a can, aƙalla babu kwari.

Na ce Allah ya kyauta. Suka ce amin.

Na koma ofis kafin azahar. Na goge sunan garinsu na rubuta Barunde. Bai kai minti ɗaya ba, ɗigon ya koma shuɗi. Oga ya ce tunda sun tashi in cire shi gaba ɗaya, kar ya ɓata mana lissafin waɗanda ba sa ɗauka. Na cire. Sannan na buɗe fom na gaba.