Kitson Wayoyi a Ɗakin Amarya

Na ga abubuwa a Sabo, unguwarmu ta Hausawa a Ibadan. Na binne miji, gobara ta cinye rumfata, ban yi kuka a gaban kowa ba. Amma lokacin da aka so a kore ni daga ɗakina saboda sifika tana gurnani, wannan kam ba zai bar kaina ba sai ranar da aka rufe ni da ƙasa.

Gidan haya ne, ɗakuna a jere, mitar wuta ɗaya. Mai gidan wata Hajiya ce. Ni ina ɗakin ƙarshe kusa da rijiya, ni da tsohuwar firizata. Da ita nake ci: ƙanƙara, zoɓo, kunun aya. Da dutse nake danne murfinta, amma tana aiki.

Sai ɗan Hajiya ya tashi aure. Haifaffen Ibadan ne, yana sayar da kayan waya a unguwar Mokola, rabin maganarsa Turanci, rabi Yarbanci. Ya sayo abin da suke kira hom tiyata, sifiku ƙanana da wata ƙatuwa kamar turmi. Amarya kuma ta zo da sabon firji. Ranar jere dangin amarya ne da aiki, amma Hajiya ta kutsa cikinsu, don ba ta yarda a fi ta iya shiri a gidanta ba. Aka fito ana ta yabo, wai ɗakin ya tsaru, ko waya ɗaya ba ka gani.

Da aka watse biki ango ya tara abokai, ya kunna. Maimakon kiɗa sai wani gurnani, kamar ƙudan zuma a cikin tulu. Can sai ya yi ƙwas, gurnanin ya ƙaru. Abokai suka yi dariya, ɗaya ya ce, "Ango, janareta ka sayo ko rediyo?"

Ya mayar da kayan shago. A can suka yi tas. Ya dawo da su, ya soka a wayoyin da ya bari a ɗaki, gurnani ya dawo. Wani ya gaya masa tsohon inji a gida yakan ɓata wuta. Tsohon abu a gidan nan kuwa biyu ne, ni da firizata.

Ya zo ƙofata, ko sallamar kirki babu. "Iya, abeg, wannan gwangwanin naki ne ke damun sautin sifikuna."

Na ce, "Gwangwanin nan ya girme ka, kuma bai taɓa yi wa kowa rashin kunya ba."

Hajiya ta biyo baya. "Ki kashe ta mu gani. In ita ce, ko ta fita ko ku fita tare. Ba zan bari a mai da ɗana abin dariya ba."

Ina zan je da firiza a ka? Na kashe. Lokacin zafi ne. Ƙanƙara ta koma ruwa, kunun aya ya yi tsami na zubar a kwata, masu sayen kayana suka koma gidan gaba. Sifika kuwa ba ta fasa gurnani ba. Na zaci magana ta ƙare. Ashe ban san mutane ba, duk da shekaruna.

Da firiza ta kuɓuta sai aka dawo kaina. Wai ranar jere an ga na leƙa ɗakin ban ce masha Allah ba. Wai amarya ta lura in na wuce ta tagarsu ƙarar takan ƙaru. To ta ina zan bi in je banɗaki, ta sama? Aka turara ɗakin har amarya ta kama tari. Aka yayyafa wa sifiku ruwan tofi, ƙaramar cikinsu ta sha da yawa ta mutu. Yaran gida suka daina karɓar abu daga hannuna. Hajiya ta aiko cewa in nemi wani wuri kafin ƙarshen wata.

Ban rantse ba, ban roƙa ba. Da hantsi, kowa yana tsakar gida, na kunna firizata, na tsaya na ce, "Hajiya, an ce ni ce. To a ɗauko kayan a kai ɗakina, a dasa su tsakanina da firiza. In ni ce, a can za su fi kuka. In sun yi, yau zan bar gidan."

Ango ya ce, "Oya, mu gama da wahalar nan."

Wannan karon dole a kwashe har da wayoyin. Ango ya shiga ɗakinsu ya janye kabad, ya ɗaga kafet. Ya fito riƙe da wani abu kamar jelar saniya. Wayar firji, wayar talabijin, wayar soket da 'yar siririyar wayar sauti, duk an kitse su wuri ɗaya, kitso mai kyau, har an ɗaure bakin da zare.

"Wa ya yi wannan?"

Hajiya ta gyara mayafi. "Ni. Da sai a bar su warwatse kamar hanjin kaza, baƙi suna gani?"

Amarya ce ta zauna ta tsefe. Aka kai kayan ɗakina, aka ɗora turmin nan a kan firizata, ni kuma na zauna a gefe na zuba musu ido yadda maita za ta ji daɗin aiki. Aka kunna. Sauti garau, har ana jin numfashin mai waƙa.

Aka mayar da kayan ɗakin amarya, wayoyi a rarrabe. Garau. Ango ya ɗauki siririyar wayar ya manna ta da ta firji, gurnani ya taso. Ya raba, gurnani ya ɗauke. Ya kuma mannawa, injin firjin amarya ya tashi, sifika ta ce ƙwas. Ya sake gwadawa, yana satar kallon uwarsa. Babu wanda ya yi dariya. Ni ma ban yi ba, na adana ta har na shiga ɗaki.

Ba a ba ni haƙuri ba. Da yamma Hajiya ta aiko da kwanon amala, tuwon nan na Yarbawa, ta ce a gaya mini maganar ƙarshen wata a bar ta. A unguwa kuma ta baza cewa turaren ne ya yi aiki. Na cinye amalar, don ba ta yi mini laifi ba. Da ta zo wucewa na ce, "Hajiya, hannunki bai tsufa ba. In za a yi mini kitson sallah, ke zan nema." Ta wuce abinta. Har yau ina ɗakin, firizata tana nan da dutsenta.

Abin da na koya kaɗan ne. In sabon abu ya yi kuka a gida, kan tsoho da marar gata ake fara dubawa, ba a ɗaga kafet. In an nuna ka, kada ka ɓata bakinka da rantsuwa. Ka ce a kawo abin a gwada a gaban kowa.