Azurfar da Gishirin Teku Ya Ci

A lokacin ina aiki a labo, ɗakin gwaje-gwaje, a Lyon. Duk ƙarshen wata nakan hau jirgin ƙasa zuwa Paris in gaida kawuna, ƙanen mahaifiyata, wanda ya daɗe zaune a foye, gidan ma'aikata baƙi, na Montreuil. In mun ci abinci mun gama hirar Damagaram, sai mu gangara kasuwar tsofaffin kaya. Shi takalma yake dubawa, ni kuwa tsofaffin kwandaloli, don tun ina ɗaliba nake tara su.

Wata Asabar na ga wata kwandala cikin faranti, tsakanin maɓallai da makullai. Baƙa ce wuluk, ba ta zagaye sosai ba, gefe guda duk ramuka kamar gara ta ci. Mai kayan ya ce azurfa ce, daga wani jirgin ruwa da ya nutse ta fito.

Kawu ya ja hannuna. "Ɗiyata, duk mai son rabuwa da tarkace sai ya ce daga teku ya fito."

"Kawu, ko ƙarya yake, ina son in san gaskiyarta."

Na saya.

A Lyon akwai ƙungiyar masu tara kwandaloli da ke haɗuwa a bayan wani ɗakin karatu. Kusan duk dattawan Turawa ne, ni kaɗai ce mai ɗankwali. Wani tsohon ma'aikacin gidan waya ya sa gilashi a ido, ya daɗe yana juya ta. Ya nuna mini gicciye da wani ɗan harafi, ya ce a duwatsun Amurka ta Kudu aka buga ta, zamanin mulkin Sifaniyawa. Ramukan kuma aikin gishiri ne.

"Ta kwana cikin teku, wannan ba shakka," in ji shi. "Amma wace teku, sai dai ki bi sawu."

Na yi ta komawa wajen mai kayan har ya fara dariya in ya hango ni. Daga baya ya tuna: kayan wani gida ya kwashe a Aubervilliers, na wata tsohuwa da ta koma gidan kula da tsofaffi. Ya kira ɗanta a waya, ɗan ya ce mu je, tana son baƙi.

Kawu ya ce ba a zuwa wajen tsohuwa hannu rabbana. Ya sa babbar riga, ya riƙe ledar dabino.

Da na aza mata kwandalar a tafin hannu, ta shiga murza ta da babban yatsa. Ta ce mahaifinta masunci ne a gaɓar teku ta yamma. Bayan wata guguwa taru ya fito da wani baƙin dunƙule mai nauyi, suka fasa, sai ga irin waɗannan. Ita da ƙannenta da su suke wasan kanti. Ta faɗi sunan tsinin dutsen da taru ke yawan yagewa a wurin. Kawu, wanda ya zo rakiya kawai, shi ya fi ni tambayoyi.

Na sanar da ofishin da ke kula da abubuwan da ake tsinta a teku. Wata mata ta ɗauki hotuna, ta ce jirage da dama sun salwanta a yankin, ba za ta iya cewa wanne ne ba tukuna, amma ba su taɓa samun labari daga wannan dutsen ba, za su duba. Na fito ina jin daɗi kamar an ba ni sunan jirgin.

A cikin metro, jirgin ƙarƙashin ƙasa, Kawu ya ce, "Kin san tun zuwana ƙasar nan ta tagar jirgin sama kawai na taɓa ganin teku?"

Da hutun bazara ya zo na saya mana tikiti biyu zuwa gaɓar da tsohuwar ta faɗa. Muka tsaya kan dutsen, iska na kaɗa rigarsa. Ya sauka ƙasa a hankali, ya tuɓe takalma, ya naɗe wando, ya shiga ruwan har idon sawu. Ya ɗiba da hannu ya ɗanɗana, ya tofar, ya juyo yana dariya.

"Wallahi da gishiri! Zo ki ɗauke ni hoto in aika wa uwarki."