Ranar da Ya Kaka Ta Bi Tukwici Har Dogo Nini

Duk macen da ta tashi a unguwar Bolewa ta san cinyar Ya Kaka, domin da wuya a sami kan da bai taɓa kwanciya a kanta ba. Shekara talatin da wani abu ta yi tana kitso a tsakar gidanta, a kan tabarma, a gindin darbejiya. Iyayenta daga Borno suka zo Potiskum tana goye, kuma har ta manyanta harshenta bai saki Kanuri ba, ko gaisuwa ce sai ta fara da "wushe" kafin ta tuna da sannu. Mijinta Modu dillali ne a Kasuwar Shanu. Shi abin da ya sani game da kitso bai wuce cewa yana hana a sauke tuwo da wuri ba.

Hannu kam Allah ya ba ta. In ta ja tsaga daga goshi zuwa ƙeya, sai ka rantse da zare ta auna. Ga ta da son a yaba, kuma ba ta ɓoye hakan, in mace ta tashi daga gabanta sai ta raka ta da ido har zaure tana murmushi ita kaɗai.

Sai dai tana da ƙa'ida, wadda ta gada wajen uwarta, kuma duk mai zuwa gidanta ta haddace ta. Ya Kaka ba ta faɗin kuɗin kitso da bakinta. In an gama, mace ta ɗaga gefen tabarma ta tura abin da ta san ana bayarwa, ta yi sallama. Wannan ladan aiki ne. Tukwici kuwa daban yake, ba a ba da shi ranar kitso. Sai kai ya huce, maigida ya gani, ƙawaye sun gani sun tanka, sannan a kawo mata 'yar kwalbar humra, ko goro, ko curin man shanu. Da wannan take sanin aikinta ya karɓu. Wadda kuwa kitson bai yi mata ba, ai ba za ta buɗe baki ta kushe babbar mace ba. Sai ta ƙara kuɗi nan take ta danƙa mata a tafin hannu, ma'ana ga naki, mun rabu lafiya, kada ki sa ran ganina. A duk tsawon shekarun nan sau biyu kacal aka yi mata haka, kuma har gobe tana riƙe da sunayen matan.

Bayan an yanki Yobe daga Borno, gari ya cika da baƙin ma'aikata, malaman makaranta da na asibiti da matan ofis. A shekarar 1993 Nuriyya, 'yar wani ɗan kasuwa da asalinsu Kanawa ne, ta dawo daga Kaduna da ilmin gyaran gashi, ta kama shago a bakin titi. Ta kafa madubi mai tsayin mutum, ta liƙa hotunan mata masu gashi iri-iri, ta ajiye wata na'ura mai kama da tukunya a kife, wai diraya, mace ta cusa kai ciki gashi ya bushe. Wanki da miƙar da gashi duk ta iya, amma kitso ko na 'yar tsana ba ta iya ba. Don haka ta yi takakkiya har Bolewa ta durƙusa a gaban Ya Kaka.

Mutane sun zaci tsohuwar za ta ƙi. Ina, ai kafin Nuriyya ta rufe baki ta amsa. Kwana biyu ba ta da zance sai shago. Ta gaya wa maƙwabta, ta gaya wa mai kawo ruwa, ta gaya wa Modu har sau uku, shi kuwa ya ce in dai za a riƙa barin tuwonsa a rufe, ko ofishin gwamna aka kai ta bai damu ba. Ranar farawa ta naɗa sabuwar lafaya, ta turara jiki kamar mai zuwa biki, ta isa ƙofar shagon tun ba a buɗe ba, da tabarmarta a hammata da 'yar kujerarta a hannu. Nuriyya ta nuna mata doguwar kujera mai juyawa, ta ce a nan ake zaunar da mutane. Ya Kaka ta juya kujerar sau biyu tana dariya, ta ce wannan ta wasa ce, kai dai a cinya yake kwanciya. Nuriyya ta haƙura aka shimfiɗa tabarma a gaban madubi.

Akwai abu ɗaya da ba ta gaya wa kowa ba, har Modu. Kusan shekara huɗu ke nan idonta yana yi mata wasa. Abu na nesa tana ganinsa tar, amma in ta sunkuya a kan gashi sai silin ya haɗe ya zama baƙi ɗaya. A gida takan ja tabarma ta bi rana, sauran kuma ta bar wa yatsunta. Tsoronta guda ne, kada wata rana ta karkata tsaga ba ta sani ba, a yi ta yawo da kan a gari ana cewa hannun Ya Kaka ya ƙare.

Ranar Asabar ta farko da hantsi wata doguwar mace ta shigo da sauri. Sunanta Sista Hanatu, ungozoma ce, ba a daɗe da kawo ta aiki garin ba. Ta ce suna za ta je Dogo Nini, gidan wata da ta karɓi haihuwarta, tana son ƙananan zane a tattara su shuku. Ya Kaka ta ji daɗi har cikin ranta, don wannan shi ne kitson da aka san ta da shi. Ta kwantar da kan a cinya, ta ɗauki kibiyar tsaga, aiki ya fara tafiya, baki ma yana tafiya. An kai rabi ke nan aka ɗauke wuta. Shagon ya yi duhu-duhu, sai ɗan hasken ƙofa. Nuriyya ta ce ko a jira, Sista ta dubi agogo, Ya Kaka ta ce ba komai, ta ci gaba da laluben yatsu.

Da aka gama Sista Hanatu ta tsaya gaban madubi, ta juya dama, ta juya hagu, ba ta ce komai ba. Ta biya Nuriyya kuɗin shago. Sannan ta buɗe jaka ta zaro sabuwar takardar naira hamsin, ta kama hannun Ya Kaka mai maiƙo ta danƙa mata, ta ce, "Mama, ga wannan." Ta ɗaura ɗankwali ta fita.

Ya Kaka ta bi takardar da kallo. Fiye da ninki biyu na kuɗin kitson, a tafin hannu, a ranar, kuma a gaban mutane. Abin da take gudu ya zo, kuma ya zo a satinta na farko.

"Kai, Ya Kaka, kin yi goshi," in ji Nuriyya tana tafa hannu. "Hamsin cur."

"Sallama ce, 'yar nan. Na ɓata mata kai."

"Wace irin sallama? Haka ake yi a Kaduna, in aiki ya yi kyau a ba ki nan take."

Ya Kaka ta girgiza kai. A ganinta yarinyar lallashinta take yi don kada ta ji kunya. Wa ya taɓa yabon kitso tun kai bai huce ba? Ta tuna yadda matar ta yi shiru a gaban madubi, ta tuna gidan suna cike da mata, kowacce da ido da baki. Nan take ta miƙe, ta soke kibiya a gashinta, ta ƙulle takardar a bakin lafaya, ta yi waje Nuriyya tana kiranta.

Matar da ba ta taɓa hawa babur ba tun da aka haife ta, ita ce ta tsaya a bakin titi tana ɗaga wa ɗan acaɓa hannu biyu. Ta hau a karkace, ta riƙe ƙarfen baya, ta ce Dogo Nini, gidan da ake suna. Ya tambaye ta wane gida, ta ce ya dai tafi, in sun ji kiɗan ƙwarya sun zo. Tun daga tashi take salati. Wata tirelar shanu ta wuce su ta rufe ido, da ta buɗe ta ga har yanzu tana duniya sai ta ce masa ya ƙara wuta. Iska tana kaɗa lafaya, masu shaguna suna nuna ta da baki, ita kuwa duk da damuwar da ke cinta sai da ta ji wani daɗi ya ratsa ta, ta ce a ranta ashe abin da ake ɓoye wa tsofaffi ke nan.

Gida biyu suka yi kuskure, a na uku suka ga manyan tukwane a ƙofa. Ta kutsa ciki ko sallamar kirki ba ta yi ba. A tsakar gida ta hango Sista Hanatu zaune, ɗankwali a cinya, mata sun kewaye ta, wannan ta taɓa, waccan ta leƙa. Ya Kaka ta ce a ranta shi ke nan, ana nuna aibin. Ta ratsa su ta kwance bakin lafaya ta miƙa takardar.

"'Yata, karɓi kuɗinki. Nuna mini inda na kuskure in tsefe in sake miki yanzu, ba sai kin sallame ni ba."

Sista Hanatu ba ta gane abin da take nufi ba. Wata dattijuwa da ta taɓa zama a Bolewa ce ta fara gane inda aka dosa, ta fashe da dariya har tana riƙe ciki, ta yi wa taron bayanin ƙa'idar Ya Kaka. Gidan ya ɗauka gaba ɗaya.

"Wayyo Mama, ki yafe mini, ban sani ba," in ji Sista tana riƙe hannunta. "Ni tun da nake ba a taɓa yi mini kitso irin wannan ba, shi ya sa na rasa abin faɗa. Tun da na zauna ake tambayata wa ya yi. Ga ta nan, ku da kuke nema, ta kawo kanta."

Sai mata suka yi mata caa. Wannan tana son ranar Litinin, waccan 'yarta za ta yi aure bayan Salla, wata har ta fara zame ɗankwali tana nuna mata kai. Aka kawo mata kujera, aka cika mata gaba da waina da kunun zaƙi. Ya Kaka ta yi ta dariya tana share ido da bakin lafaya, wushe da sannu duk suka cakuɗe a bakinta. Rabon da ta ji daɗi irin na ranar ta manta.

Tana cikin haka aka kira Sista ta ɗauki jariri, ta tashi ta juya baya ta shiga rana. Daga inda Ya Kaka take zaune, taku huɗu ko biyar, ƙeyar ta fito mata sarai. Can ƙasa, bayan kunnen hagu, tsaga ɗaya ta kauce, ta ɗan ci gefen 'yar'uwarta. Ba wadda ta lura, duk matan nan masu idon tsiya. Ita kaɗai ta gani, kuma ta san ba laifin duhun shago ba ne kawai. Wainar ta fita ranta.

Da ta so sai ta ci abincinta ta tafi da yabonta. Amma ta ajiye kwano ta ce, "'Yata, ba da yaron, zo ki zauna nan cikin rana." Sista ta ce ai ba abin da ya samu kan, matan ma suka ce haka. Ya Kaka ta ce su ba su gani ba, ita ta gani. A tsakiyar gidan suna, ana kiɗa ana guɗa, ta zare kibiya ta tsefe layi biyu, ta ja baya da kanta tana ƙanƙance ido, ta sake jan tsagar har ta miƙe. Sai da ta gama sannan ta ɗauki naira hamsin ɗin ta ce yanzu ta halatta.

Ba ta koma shago ba. Da ƙafa ta bi ta kasuwa, ta tsaya gaban wani mai baza tabarau a kan tire, wanda ta sha wucewa tana kau da kai, don a wajenta tabarau na malaman makaranta ne da waɗanda suka gama aiki. Ta ce masa a hankali, kamar mai faɗin laifi, idonta ba ya ganin kusa. Ya gwada mata ɗaya, ya gwada na biyu, a na uku ya miƙa mata allura da zare. Ta zura a karo na farko. Ta cire ta sake zurawa, ta kuma sakewa, har mutumin ya ce Hajiya allurar ta gwaji ce. Ta ba shi takardar Sista ta cika da nata.

Modu da ya gan ta da yamma ya tambaya ko an ba ta aikin alƙali ne. Ta ce masa shekara huɗu tana kitso da laluben yatsu, a gidan nan, a gabansa. Ranar bai yi ƙorafin tuwo ba.

Washegari Nuriyya ta ga tabarau ta danne dariya. Macen farko ta zo ta kwantar da kai a cinya. Ya Kaka ta sunkuya, sai ga gashin sili-sili, kowanne da inda ya tsiro, har da 'yar furfura biyu da matar ba ta san da su ba. Ta daɗe tana kallo, kibiya a hannu, har matar ta ɗago ta tambaya ko lafiya.

"Lafiya lau, kwanta," in ji Ya Kaka. "Gaisawa muke yi ni da gashi, mun kwana biyu ba mu ga juna ba."